Yadda Za A Shawo Kan Matsalar Manhajar Imel Mai Yawan Rufewa Da Kanta

Daga cikin koke-koken da suka fi yawan iso mana daga sakatariyoyin ƙananan hukumomi, da ofisoshin hakimai, da makarantu da asibitocin karkara, akwai matsalar manhajar karanta wasiƙun imel da ke rufewa da kanta. Ma'aikaci zai buɗe ta da safe, kafin ya kai ga karanta wasiƙar farko sai ta ɓace daga fuskar kwamfuta. Wani lokaci kuma sai ta sandare wuri guda, fuskarta ta dusashe, a can sama a ga an rubuta Not Responding. Ganin cewa takardun kiran taro, da jadawalin albashi, da sanarwar canjin wurin aiki, da amsar neman tallafin karatu duk ta wannan hanya suke zuwa, mun ga ya dace mu tattara wannan bayani domin amfanin ma'aikata da sauran jama'a. Mafi yawan misalanmu a kan manhajar Microsoft Outlook suke, domin ita muka fi tararwa a ofisoshi, amma za mu taɓo Thunderbird da kuma manhajar Gmail ta wayar hannu.

Abu na farko da muke so a riƙe shi ne, manhaja daban take, wasiƙu kuma daban suke. Manhajar tamkar akawun rajista ce wanda yake ɗauko takarda daga kabad ya miƙo. Su kuwa wasiƙun suna can a ajiye cikin kabad ɗin. Idan akawu ya kwanta rashin lafiya ba a ƙona kabad. Amma abin da ake yi wa kwamfutoci da yawa ke nan. Mun taɓa ziyartar wata sakatariya inda aka kira mai gyara saboda wannan matsala, shi kuma bai tambayi kowa komai ba ya yi wa kwamfutar fomatin, watau ya share duk abin da ke cikinta ya zuba sabo. Manhajar ta warke sarai, sai dai wasiƙun shekara da shekaru na sashen sun tafi ke nan, har da waɗanda masu binciken kuɗi suka zo nema daga baya. Garin neman gira aka rasa ido.

A fara sanin inda wasiƙun suke

Kafin a taɓa komai, a buɗe burauza, irin su Chrome ko Edge ko Firefox, a shiga akwatin imel ɗin kai tsaye ta shafin kamfanin da ya bayar da shi. Idan akwatin ya buɗe, to adireshin da kalmar sirri lafiya suke, kuma za a iya ci gaba da aikin ofis ta nan kafin a gama gyara. Sa'an nan a duba da kyau: shin tsofaffin wasiƙu suna nan, ko kuwa na 'yan kwanakin nan kaɗai ake gani?

Amsar wannan tambaya tana da muhimmanci, saboda hanya biyu ce aka fi haɗa manhaja da akwatin imel. Akwai tsarin da ake kira IMAP, da ɗan'uwansa Exchange, inda ainihin wasiƙun suke zaune a babbar kwamfutar kamfani, wadda ake kira uwar garke, abin da ke cikin kwamfutar ofis kuwa kwafi ne kawai. Akwai kuma tsohon tsari mai suna POP, inda manhaja take kwaso wasiƙun ta sauke su a kwamfutar ofis. Outlook na 2007 da waɗanda suka gabace shi, idan ba an canza saiti ba, da zarar sun kwaso wasiƙa sai a share ta daga uwar garke. Daga Outlook na 2010 zuwa sama kuwa akan bar ta kwana 14 kafin a share. Ma'ana, ofishin da yake kan tsarin POP ba shi da wani kwafin tsofaffin wasiƙunsa a ko'ina a duniya sai a cikin wannan kwamfuta guda.

Outlook yana tara wasiƙun POP a cikin fayil guda ɗaya mai suna da ke ƙarewa da .pst. Tun daga Outlook na 2010 akan same shi a cikin Documents, a wata jaka mai suna Outlook Files. Idan ba a gan shi a nan ba, a shiga Control Panel, a buɗe Mail, a danna Data Files, za a ga cikakken wurin da yake. A kwafe wannan fayil zuwa filash ko wata ma'adana ta waje kafin a ci gaba. Wajibi ne manhajar ta kasance a rufe lokacin kwafar. Sau da yawa takan ɓace daga fuskar kwamfuta alhali tana nan tana aiki a ɓoye, don haka a danna Ctrl da Shift da Esc a tare, a nemi sunan Outlook a jerin da zai fito, a tsayar da shi da End Task. Haka kuma ya kamata a lura, filash ɗin da aka tsara da tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, ko da akwai fili a cikinsa. Idan ya ƙi karɓa, a nemi wanda ke kan tsarin exFAT ko NTFS.

Ba kowace matsala ce ta manhajar ba

Idan kwamfutar gaba ɗaya ce take mutuwa, ko kuma sauran manhajoji irin su Word da Excel su ma suna rufewa, to ba a nan gizo ke saƙar ba. A duba zafi, da ƙura, da lafiyar ma'adanar kwamfutar. Idan kuwa manhajar ba ta rufewa, sai dai ta yi ta tambayar kalmar sirri ana ba ta tana ƙi, wannan ma wata matsala ce daban. Kamfanin Google ya daina barin tsofaffin manhajoji su shiga akwatunan Gmail na jama'a da kalmar sirri zalla tun ƙarshen watan Mayu na 2022, Microsoft kuma ya yi haka ga akwatunan Outlook.com da Hotmail a watan Satumba na 2024. Duk gyaran da za a yi wa tsohuwar manhaja ba zai canza wannan ba.

A kuma duba ko ma'adanar kwamfutar ta cika. A buɗe This PC, idan layin da ke ƙarƙashin C ya koma ja, a rage bidiyo da hotuna da sauran kayan da ba na aiki ba, a sake gwadawa. Wannan kaɗai ya sha magance matsalar.

Gwajin farko: a buɗe ta ba tare da 'yan rakiya ba

Akwai wasu ƙananan manhajoji da suke liƙewa a jikin Outlook domin ƙara masa aiki, waɗanda a cikin saitinsa aka rubuta su da sunan Add-ins. Mu dai 'yan rakiya muke kiransu. Manhajar riga-kafin ƙwayar cutar kwamfuta takan zo da nata, manhajar karanta takardun PDF ta zo da nata, ta taron bidiyo ma haka, galibi ba tare da mai kwamfutar ya sani ba. Idan ɗaya daga cikinsu ya tsufa ko ya lalace, sai ya kayar da Outlook gaba ɗaya. A ganinmu nan ya kamata a fara zargi, domin gwajin ba ya cin minti biyar kuma ba ya taɓa wasiƙa ko ɗaya.

A danne maɓallin Ctrl, a buɗe Outlook ba tare da an saki maɓallin ba, za a ga tambaya ko ana son buɗewa a Safe Mode, sai a amsa da Yes. Ko kuma a danna maɓalli mai tambarin Windows tare da harafin R, a rubuta outlook.exe /safe a cikin ɗan akwatin da zai fito. A wannan yanayi manhajar takan tashi ita kaɗai. Idan ta zauna lafiya, to an gano ɓangaren da cutar take. A shiga File, sa'an nan Options, sa'an nan Add-ins, a danna Go da ke ƙasa kusa da COM Add-ins, a cire alamar da ke gaban kowanne. A rufe, a sake buɗewa yadda aka saba. Daga nan sai a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ana rufewa ana buɗewa, har a kai ga wanda da zarar an mayar da shi matsalar take dawowa. Shi za a bari a kashe.

Idan manhajar tana mutuwa ne tun tana ƙoƙarin buɗewa, da saƙon cewa ba za a iya buɗe tagar Outlook ba, a gwada rubuta outlook.exe /resetnavpane a wancan akwati. Wannan yana mayar da jerin jakunkunan da ke gefen hagu yadda yake tun asali, kuma ba ya share wasiƙa.

Wasiƙa guda mai hana ruwa gudu

Wani lokaci wasiƙa ɗaya ce tak take jawo fitinar. Ma'aikaci ya haɗa hotunan aikin gini ko takardu masu yawa da aka ɗauka da sikana, nauyinsu ya wuce ƙima, wasiƙar ta maƙale a Outbox, kullum aka buɗe manhajar sai ta yi ta fama da ita har ta sandare. Gmail ba ya aika kayan da aka liƙa wa wasiƙa idan sun wuce megabait 25, Outlook kuma yakan tsaya a megabait 20 ga irin waɗannan akwatuna. Maganin shi ne a katse intanet ɗin tukuna, ko a danna Work Offline a ƙarƙashin Send/Receive, a shiga Outbox a cire wasiƙar, a rarraba kayan kashi-kashi. Idan kuwa wata wasiƙa ce da ta shigo, wadda da an danna kanta manhajar take mutuwa, a kashe Reading Pane a ƙarƙashin View domin a iya zaɓenta ba tare da ta buɗe ba, ko a share ta ta hanyar burauza. Kada a dage sai an ga abin da ke cikinta, musamman idan ba a san wanda ya aiko ba.

Lalacewar fayil ɗin wasiƙu

Nan ne muka fi samun matsala a ofisoshinmu, kuma dalilin a bayyane yake. Duk lokacin da manhajar take buɗe tana cikin rubutu ne a wancan fayil guda. Idan aka ɗauke wuta, ko mai kula da janareta ya sauya layi ba sanarwa, kwamfutar tebur takan mutu rubutun bai kammala ba. Sau ɗaya ko biyu manhajar takan iya gyara kanta, amma idan abin ya yawaita sai tsarin fayil ɗin ya rikice, ta zo karanta wani wuri ta tarar da abin da ba ta gane ba, ta faɗi.

Girma ma yana da nasa. Fayil ɗin pst na Outlook 97 zuwa na 2002 iyakarsa gigabait 2, kuma idan ya cika yakan lalace. An ɗaga iyakar zuwa gigabait 20 a Outlook na 2003 da 2007, sa'an nan zuwa gigabait 50 daga na 2010. Sai dai fayil ɗin da aka ƙirƙira a tsohon tsari yana nan da tsohuwar iyakarsa ko da an buɗe shi da sabuwar manhaja, kuma akwai ofisoshin da suke ta jan fayil guda daga kwamfuta zuwa kwamfuta tun zamanin da. Bugu da ƙari, tun kafin a kai iyaka, babban fayil a kan tsohuwar kwamfuta yakan sa manhajar nauyi ƙwarai.

Microsoft ya tanadi wata 'yar manhajar gyara mai suna scanpst.exe, wadda take zuwa tare da Office. Akan same ta a cikin Program Files, ƙarƙashin Microsoft Office, a jaka mai suna Office12 ga na 2007, Office14 ga na 2010, Office15 ga na 2013, ko kuma root sa'an nan Office16 ga na bayan nan. A rufe Outlook, a buɗe ta, a nuna mata fayil ɗin, a danna Start. Idan ta sami kurakurai za ta nemi izinin gyara, kuma za ta ba da zaɓin ajiye kwafi mai suna da ke ƙarewa da .bak, a bar wannan zaɓi a kunne. Aikin yana iya ɗaukar sa'a guda ko fiye idan fayil ɗin babba ne, kuma a tsakiya takan yi kamar ta sandare. A ƙyale ta. Kada a fara wannan aiki sai an tabbatar da wutar da za ta kai ƙarshensa, domin yankewar wuta ana tsakiyar gyara ta fi cutar farko muni. Ba laifi ba ne a maimaita sau biyu ko uku har ta ce ba ta ga kuskure ba. Wasiƙun da ta tsamo ba ta san mazauninsu ba takan zuba su a wata jaka mai suna Lost and Found.

Bayan an warke sai a rage kaya. A tura wasiƙun shekarun baya zuwa wani fayil na daban ta hanyar Archive, kowace shekara ko biyu da nata. A sani cewa share wasiƙa ba ya rage girman fayil nan take. Sai an wofintar da Deleted Items, sa'an nan an danna Compact Now a cikin saitin Data Files. Haka nan kada a ajiye fayil ɗin pst da ake aiki da shi a kan filash, ko a wata kwamfuta ta hanyar sadarwar ofis, ko cikin jakar da OneDrive yake kwafewa kai tsaye.

Ga masu tsarin IMAP ko Exchange abin ya fi sauƙi. Fayil ɗinsu yana ƙarewa da .ost ne daga Outlook na 2013, kuma tun da kwafi ne, ana iya rufe manhajar a canza masa suna, ita kuma za ta gina sabo daga uwar garke. Mun ce a canza suna, ba mu ce a share ba, saboda jakunkunan da aka rubuta This computer only a gabansu, waɗanda galibi suke ɗauke da adireshin mutane da kalanda, babu su a uwar garke. A kuma yi la'akari da data, domin duk wasiƙun za a sake saukowa da su.

Idan duk wannan bai yi ba

Mataki na gaba shi ne sabon furofayil, watau sabon rajistar saitin akwatin. A Control Panel a buɗe Mail, a danna Show Profiles, a ƙara sabo da Add, a bar tsohon yadda yake har sai an tabbatar komai ya dawo. Idan har yanzu da saura, a gyara Office kansa: a jerin manhajojin da ke kan kwamfuta a zaɓi Microsoft Office, a danna Change ko Modify, a fara da Quick Repair wanda ba ya bukatar intanet, in bai yi ba a koma Online Repair wanda yake cin data mai yawa. Sabon Outlook da yake zuwa tare da Windows 11, wanda ya maye gurbin manhajar Mail bayan ƙarshen 2024, gininsa daban ne kuma ba ya ɗaukar waɗancan 'yan rakiya. Shi ana gyara shi ne ta Settings, sa'an nan Apps, a zaɓi Repair ko Reset.

Jami'in da yake da ɗan sani a kan kwamfuta zai iya rage wa kansa lalube ta hanyar buɗe Event Viewer, ya shiga Windows Logs, sa'an nan Application, ya nemi kuskure mai lamba 1000 wanda lokacinsa ya yi daidai da lokacin da manhajar ta mutu. A ciki akwai layi mai suna Faulting module name, wanda yake faɗin sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar. Sau da yawa sunan kaɗai yakan tona asirin mai laifin.

Wani lokaci kuma laifin ba daga ofis yake ba sam. A ranar 15 ga Yuli, 2020, Outlook ya riƙa mutuwa da zarar an buɗe shi a ƙasashe da dama, kuma Microsoft ne ya gyara daga wajensa. Saboda haka idan kwamfutoci da yawa suka kamu a rana ɗaya, a tuntuɓi wasu ofisoshi a ji ko su ma haka ne, a yi aiki ta burauza, a jira.

Dole mu faɗi gaskiya game da tsofaffin manhajoji. Outlook Express ya tafi tare da Windows XP, wanda aka daina tallafa wa a watan Afrilu na 2014. An daina tallafa wa Windows Live Mail a Janairun 2017, Office 2007 a Oktoban 2017, Office 2010 a Oktoban 2020, Office 2013 a Afrilun 2023, Office 2016 da 2019 kuma a Oktoban 2025. Wanda yake kan ɗaya daga cikin waɗannan, gyaran da zai yi na kwashe wasiƙunsa ne ya yi ƙaura. Ba kuma ma ba da shawarar a nemi Office na jabu a kasuwa, domin irinsa yakan zo da ƙwayar cuta a ciki. Ofishin da ba shi da kuɗin lasisi yana iya amfani da burauza, ko ya ɗauki Thunderbird, wadda kyauta ce tun fitowarta.

Ita ma Thunderbird tana da nata hanyoyin. Ana danne maɓallin Shift lokacin buɗe ta domin ta tashi ba 'yan rakiya. Idan jaka guda ce take ba da matsala, a danna kanta da maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, a danna Repair Folder. Dukan wasiƙunta da saitinta suna cikin jaka guda, wadda ake kaiwa gare ta ta hanyar rubuta %appdata%\Thunderbird a akwatin nan na maɓallin Windows da R; ita za a kwafe kafin gyara.

Masu amfani da wayar hannu

Mafi yawan mutanen karkara ta waya suke duba imel. Idan manhajar Gmail tana rufewa a wayar Android, a kashe wayar a kunna, a duba ko ma'adanarta ta cika da bidiyon WhatsApp, sa'an nan a shiga Play Store a sabunta Gmail da Chrome da wata manhaja mai suna Android System WebView. Ita wannan ta ƙarshe ita ce ta sa Gmail da wasu manhajoji suka riƙa rufewa a wayoyi masu yawa a watan Maris na 2021, har sai da Google ya fitar da gyara. Idan ba a dace ba, a shiga Settings, sa'an nan Apps, a zaɓi Gmail, a danna Clear cache a ƙarƙashin Storage. Wasiƙun Gmail suna uwar garke, ba za su ɓace ba. Abin da yake ɓacewa shi ne kalmar sirri a kan mai ita: mutane da yawa a shago aka buɗe musu akwatin, ba su taɓa riƙe kalmar ba. Kada a yarda a yi wa waya filashin ko a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani sai an tabbatar an san adireshin da kalmar sirrin, kuma layin da aka yi rajistar akwatin da shi yana hannu.

Kira ga shugabannin sassa

Muna jawo hankalin shugabannin sassa da su sama wa kowace kwamfutar tebur da ake karɓar wasiƙun hukuma da ita na'urar riƙe wuta ta UPS, a kuma riƙa canza batirinta idan ya mutu, domin wadda ba ta iya riƙe wuta minti biyar ado ce kawai. A riƙa rufe manhajar imel kafin a sauya layi zuwa janareta. Lokacin hunturu a rufe kwamfuta da ƙyalle bayan an tashi aiki, a sa a bushe mata ƙura, kada kuma a jingina ta da bango ta yadda iska ba za ta fita ba, musamman a watannin bazara. A ɗora wa mutum guda alhakin kwafe fayil ɗin wasiƙu aƙalla sau ɗaya a mako, a ajiye kwafin a kabad mai makulli.

Idan ta kama sai an kai kwamfutar wurin mai gyara, a rubuta masa a takarda sunan manhajar da shekararta, da ranar da matsalar ta fara, da abin da aka sa ko aka canza a kwamfutar gab da wannan rana, da ainihin saƙon da yake fitowa, ko a ɗauki hotonsa da waya. A gaya masa a gaban shaida cewa ba a yarda ya yi fomatin ba sai da izinin shugaban sashe a rubuce. Ma'aikacin ofis ya zauna tare da shi ya shigar da kalmar sirri da hannunsa, a kuma canza ta ranar da kwamfutar ta dawo.